'Yar Gidan Wa?

Al Ras, Dubai
3 ga Jimada Awwal

Takarda daga hannun Labaran direba zuwa ga ɗana Izzuddeen, ɗan marigayi Yaya Mu'awiya. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da mahaifiyarka. Idan ka tambayi lafiyata, da sauƙi. Ƙafar hagu ce dai take yi mini tsiya idan na daɗe ina taka kuloci, sai kuma suga da likita ya ce ya hau.

Na san za ka yi mamaki, shekara tara rabon da kalma tawa ta shigo gidan nan. Ba mantuwa ba ce. Saƙon murya na yi na ta'aziyyar mahaifinka, aka ɗora shi a wayoyin dangi, aka yi ta dariya wai ina cewa khalas kamar Balarabe. Labari ya iso mini har nan. Tun ranar na rantse babu abin da zai ƙara fita daga gare ni zuwa Kano ta waya. Boko ban yi ba, amma ajamin allo bai bar ni ba. Ka kai wa mai karantawa, mai riƙe baki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Arbab, wato maigidana mai kamfanin kago, ya ce ba zai sabunta mini biza ba, na tsufa. Shekara ashirin da uku ina jan a-kori-kurarsa tsakanin Al Ras da sito, ko fitila ban taɓa fasawa ba. Ƙarshen Sha'aban zan bar ƙasar. Ba zan dawo in zauna a zauren kowa ina jiran kwano ba. Abin sallamata duka na zuba a mota sabuwa, mai ɗaukar fasinja shida, wadda 'yan kasuwa suke kira Kurciya saboda tambarinta. Mai araha ce, amma Nafiou, mutumin Damagaram da yake tafinta a wurin dilan, ya tabbatar mini 'yar gida ce. Na biya a nan, za a karɓa a can.

Hajiya Bilqis mai sarin abaya, wadda za ta kawo maka wannan, ta ce kai ne sakataren layin Haɗeja a tasha. Lamba nake so a layin. Ban roƙi mahaifinka komai ba har ya mutu. Kai ma ba roƙonka nake ba, tambaya ce.

Baffanka, Labaran

*

Kano
17 ga Jimada Awwal

Baffa, barka da aiki, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Kowa lafiya, Umma ta amsa gaisuwa har da ƙwalla. Limamin tasha ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan da ajami don kada ka nemi kowa.

Baffa, takardarka ta zo a kan gaɓa. Lamba ɗaya ce ta rage a layin, arba'in da shida, ta wani dattijo da ya rasu bayan Mauludi. Mutum uku suna nemanta. Sai dai akwai doka tun bara. Motoci biyu masu araha sun mutu da fasinja a daji, aka rasa kayan gyaransu har Legas, sai kwamiti ya yanke cewa iri biyu kawai za a karɓa: ko 'yar gida wadda aka haɗa a ƙasar nan, ko ta haɗin gwiwa mai injin da makanikanmu suka sani.

Da na ji ka ce taka 'yar gida ce, wallahi sai da na yi hamdala. Na miƙe a gaban kwamiti na ce baffana ne, direban shekara arba'in, motarsa haɗin ƙasar nan ce, ni ne shaida. Shugaba ya ce a ajiye maka lambar har zaman Asabar ɗin ƙarshe ta Rajab, ranar za a duba takardu a rufe magana.

Ka faɗa mini inda za a karɓo ta, Kaduna ko Legas, in je da kaina.

Ɗanka, Izzuddeen

*

Al Ras
2 ga Jimada Sani

Izzuddeen, gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, suga yana nan. Na ji ka miƙe a gaban mutane ka ce baffanka ne. To, madalla. A gidanku ba a saba faɗar haka da ƙarfi ba.

Wace Kaduna kuma? Jiya na bi motar har tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali, a gabana aka saka ta a kwantena, aka ɗaure ƙafafunta huɗu, aka buga kwaɗo. Ledar kujerunta ma ban bari an cire ba. Sun ce kwana sittin jirgin ruwa zai yi zuwa Legas, in Allah ya kiyaye. Wanda zai fito da ita daga tashar ruwa na riga na yi magana da shi, kada ka wahalar da kanka.

Ka ce wa liman rubutunsa yana da kyau, sai dai yana matse layi, idona ba na da ba ne.

Labaran

*

Kano
13 ga Jimada Sani

Baffa, ina gaisuwa, Allah ya sa jiki ya ci gaba da sauƙi. Mu ma lafiya, sai dai ni barcina ya ragu tun da liman ya kai kan kalmar kwantena. Sau uku na sa ya maimaita.

Baffa, 'yar gidan wa? Motar da take kan teku daga Dubai ta yaya za ta zama haɗin ƙasar nan? Da ka ce ka biya a can za a karɓa a nan, na ɗauka irin dilolin da suke da reshe ne a Kaduna. Na shiga waya na binciki Kurciya. A China ake yin ta. Wasu sun ce ta kamfanin China ce zalla, wasu sun ce masana'antar rabi ta China ce rabi ta wani kamfanin Japan, kawai dai an yi mata suna na daban don a sayar da araha. Su kansu mutanen can gardama suke a kai.

Magana ta riga ta fita. Ɗaya daga cikin masu neman lambar ya tsaya a bakin ofis yana cewa sakatare ya yi ƙarya don ya cusa danginsa. Shugaba ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce: «Izzuddeen, ko dai kai ka yaudare mu, ko tsohon ya yaudare ka. Wanne zan faɗa wa mutane?» Na ce babu ko ɗaya, kalma ce ta zo da fuska biyu.

Ƙofa ɗaya ta rage. Ga fom na haɗo. Ka kai wa dilan ya rubuta cewa motar ta haɗin gwiwa ce, ya buga hatimi, kai kuma ka dangwala yatsa a ƙasa cewa ka yarda da hakan. Idan ya iso kafin Asabar ɗin, lambar taka ce. Don Allah Baffa kada a ɗauki lokaci.

Izzuddeen

*

Al Ras
25 ga Jimada Sani

Sakatare, na ga takardarka. Lafiyata kalau, tunda ka tambaya.

Ashe dai kyan ɗa ya gaji ubansa. Na karanta har na zo inda ka ce in dangwala yatsana in yarda cewa abina haɗi ne, sai na ajiye takardar na fita bakin ruwa, na daɗe ina kallon kwalekwale.

Bari in ba ka labarin da ba a ba ka ba. Ranar da kakanmu Malam Hafiz ya rasu, ni na yi masa wanka, don ni na yi jinyarsa wata bakwai, ni nake juya shi, ni nake kwashe abin da ya fita daga jikinsa. Da aka isa maƙabarta na tuɓe takalmi zan shiga kabari in karɓe shi. Ƙafata ɗaya ta riga ta sauka. Sai ubanka ya riƙe mini riga ta baya, ya ce a gaban jama'a: «Kai dakata. A bar 'yan gida su shiga. Wannan haɗin gambizar, rabi Kano rabi Damagaram, ya tsaya daga sama ya miƙo ƙasa.» Saboda uwata Badamagara ce, kuma a wurinta na tashi har na shekara tara. Babu wanda ya ce masa kul. Na tsaya daga sama na miƙo ƙasa. Shekarar ba ta ƙare ba na bar garin.

Yanzu na yi gumin shekara ashirin da uku a ƙasar da ko tsuntsu ba ya tashi da azahar, na sayi abu ɗaya tak da sunana, mai shi ya ce mini 'yar gida ce, sai ga ɗan Mu'awiya ya aiko da fom wai in sa hannu ita ma haɗi ce. Ku ba ku gajiya? Da ubanka ya faɗa da baki, kai kuma har da hatimi kake so.

Gwiwa ko gambiza, duk haɗi ne. Ba zan dangwala ba. An ce mini 'yar gida, a kan haka na biya, a kan haka za ta hau layi. Idan kwamitinku bai san gida ba, ya tambaya.

Labaran

*

Kano
6 ga Rajab

Baffa, ina gaisuwa da girmamawa. Umma tana fama da mura, sauran lafiya.

Liman ya tsaya a tsakiyar takardarka ya ce ko in karɓa in kai wa wani. Na ce ya ƙarasa. Baffa, shekarata huɗu ranar da aka binne Malam Hafiz. Na je na tambayi Umma, ta ce haka aka yi. Abin da Baba ya faɗa bai kyautu ba, ni ɗansa na faɗa, liman shaida ne tunda shi yake rubutawa. Amma ba zan iya tono shi ya ba ka haƙuri ba. Abin da yake hannuna lamba ce, ita ma kwana ashirin da biyu ya rage ta fita.

Haɗin gwiwa ba zagi ba ne. A tasha ita ce motar da ake rububi, don an san injinta, an san inda za a samo fistin ɗinta. Wadda ake gudu ita ce wadda ba ta da dangi a kasuwar kayan gyara. Fahad, babban makanikinmu, ya ce idan har injin na kamfanin Japan ɗin nan ne, shi da kansa zai tsaya maka. Amma kwamiti takarda yake so.

Kai direba ne tun ban zo duniya ba. Kada ka yarda da ni, kada ka yarda da Nafiou. Ka je wurin dilan, ka sa a buɗe maka bonet ɗin irinta, ka duba da idonka. Idan ka samu takardar, ka bar Nafiou ya ɗauki hotonta ya turo mini ta waya, a minti ɗaya ta iso. Rantsuwar da ka yi, liman ya ce kaffara tana warware ta.

Izzuddeen

*

Al Ras
22 ga Rajab

Izzuddeen, gaisuwa. Ka yi wa mahaifiyarka sannu, ta sha citta da lemon tsami. Ni ƙafa ta tashi kwana biyu saboda tafiyar da na yi.

Na je. Ba don ka ce ba, dama ina da niyya. Na hau jirgin metiro tun daga Al Ras har DIP inda sitonsu yake, sauran na taka da ƙafa. Na sami Nafiou yana shan shayi, na ce masa: «Kai ɗan garin uwata, da ka ce mini 'yar gida, gidan wa kake nufi?»

Ya ce: «Baba, gidansu mana, China. Ai dilan ne, Mista Lu, ya yi magana, ni tafinta ne. Shi ya ce ta gida, ni ma na ce ta gida. Da na ce ta waje, da na yi masa ƙarya.»

Na ce: «To ni da nake tsaye a gabanka, ɗan China ka gan ni?»

Ya ce: «Wallahi Baba ban yi tunanin naka gidan ba. Nan kowa idan ya ce gida, nasa yake nufi.»

Da ba don furfura ba da na mare shi. Aka kira Mista Lu, na ce a buɗe mini bonet. Ya ce shwaiya shwaiya, wato a hankali, na ce babu shwaiya, yalla, a yi sauri. Aka buɗe. Na sa tabarau, na cire murfin roban da suka rufe injin da shi. Izzuddeen, na san injin nan. Shi ne a cikin ƙaramar motar da nake kai 'ya'yan arbab makaranta shekarun baya. Inda ake zuba baƙin mai, inda filogi suke, har ƙugiyar da take yankar mutum a yatsa idan zai cire matatar mai, tana nan. Na sa hannu ta yanke ni a wurin da ta saba.

Na ce a tambaye shi, tasu ce ko ba tasu ba? Ya yi dariya ya yi magana mai tsawo. Nafiou ya ce: «Ya ce suna nasu ne, jiki nasu ne, inji na abokansu 'yan Japan ne, masana'anta kuma rabi da rabi. Ya ce a can idan mai kuɗi ya gan ta sai ya ce ta gida ce don ya raina ta, wanda ya saya kuma sai ya ce haɗin gwiwa ce don ya yi taƙama. Ya ce kai wanne kake so a rubuta?»

Na ce ba abin da nake so za a rubuta ba, abin da yake cikin bonet za a rubuta. Ya rubuta haɗin gwiwa, ya buga hatimi.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ranar goma sha uku ga wata ce. Kwana tara fom ɗin yana cikin aljihun rigata. Kullum in fito da shi in duba gurbin yatsan in mayar. Yau bayan sallar asuba na dangwala. Hajiya Bilqis ta riga ta tashi, don haka na ba wani mai sarin waya, Abdulganiyyu, zai bi ta Addis ranar Laraba, ya ce Alhamis yana Kano.

Zancen hoto kuwa a'a. Nafiou ya fito da wayarsa, na ce ya mayar. Muryata ta yi yawo a wayoyinku, yatsana ba zai yi ba. Takarda ta isa.

Baffanka, Labaran

*

Kano
1 ga Sha'aban

Baffa, ina gaisuwa. Umma ta warke. Ban san yadda zan fara ba, liman ya ce in faɗa kai tsaye.

Jiya Litinin takardarka ta iso. Jirgin Abdulganiyyu ya kwana a Addis, jakarsa kuma ta wuce wani gari, sai shekaranjiya ya same ta. An yi zama ranar Asabar.

Tun ranar Laraba nake kiran lambarka da na karɓa wurin Hajiya Bilqis. Sau goma sha huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka. Na san kana gani. Ranar Asabar na roƙi a ɗaga mako ɗaya, Fahad ya tsaya ya ce ya san injin, shugaba ya ce: «Ina takarda?» Na ce tana hanya. Ya ce: «Kwanakin baya ka ce mota tana Kaduna, ashe tana teku. Yau takarda tana hanya. Izzuddeen, mutanen nan ma suna da iyali.» Aka ɗaga hannu, bakwai da huɗu. An ba wani lambar, har ya yi lodin farko jiya.

Na kai wa shugaba fom ɗinka duk da haka. Ya duba hatimin, ya duba yatsanka, ya ce da ya zo da wuri da babu mai magana. An rubuta sunanka a masu jira. Sai dai lamba ba ta fita sai wani ya mutu ko ya bar sana'a, kuma mutum biyu suna gabanka.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san abin da direba yake yi idan ya rasa layi, kada ka yi lodin bakin titi. Dokar tasha ce a ƙwace makullin duk wanda aka kama, motar ta kwana a ofis, kuma a goge sunansa daga masu jira. Sakatare ne yake jagorantar masu kamen, wato ni. Ka dawo gida tukuna. An share ɗakin Baba na zaure, Umma ta sa an yi masa fenti. Ka huta, mu nemi mafita a hankali.

Ɗanka, Izzuddeen

*

Al Ras
12 ga Sha'aban

Izzuddeen, gaisuwa gare ka da mutanen gida. Ƙafa ta lafa. Na yi sallama da arbab, ya ba ni agogon bango.

Na ga kiranka duka goma sha huɗun. Wayar tana kan katifa, ina zaune kusa da ita. Ba zan ce laifin Addis ba ne, ba kuma zan ce naka ba ne. Ka tsaya mini sau biyu a gaban mutane, na rubuta wannan a inda nake rubuta abubuwa, kuma ka san ba na mantuwa.

Ka gode wa mahaifiyarka da fenti. Ba zan kwana a ɗakin Mu'awiya ba. Na sa an kama mini ɗaki a bayan gidan man da yake kallon ƙofar tasharku. Jiran mutuwar wani direba kuma ba sana'a ba ce, shekarata sittin da ɗaya, wataƙila ni ne na gaba.

Mota ta sauka Legas, ana fito da ita. Jirgina ranar ashirin ga wata, zan sauka can in tuƙo ta da kaina. Akwai bishiyar darbejiya a gefen gidan man nan, Hajiya Bilqis ta ce har yanzu ba a sare ta ba. A nan zan tsaya in kira Haɗeja, da bakina, ba ni da ɗan kamasho.

Na ji dokarku, ban ce ka karya ta saboda ni ba. Aikinka ne, da shi kake ciyar da iyali. Abin da nake so ɗaya ne: kada ka turo mini waɗanda ba su san ni ba su ja mini riga a gaban fasinja. Ka zo da kanka. Makullin yana jiki, gilas a sauke, hannuna a kan cinya. Ka sa hannu ka zare, ba zan ce maka komai ba.

Asabar ta ƙarshen wata zan fara, da an fito daga sallar asuba. Fasinja shida take ɗauka. Ba zan tashi ba sai ta cika, ko kuwa ka zo.

Baffanka, Labaran